Ya San Dangin Mazari, Bai San Nasa Ba

Ranar da Vasiti ta fara ganin Inoke, yana tsaye cikin rafin bayan ƙauyenmu, a tsaunukan tsibirin Vanua Levu na ƙasar Fiji, ruwa har ƙugu, raga a hannu, yana yi wa wani ɗan siririn jan mazari masifa don ya ƙi sauka.

"Bawan Allah, kifin ne ya koma sama?" ta ce, kwandon ganyen gwaza a kafaɗarta.

"Mazari nake bi. Sati biyu ke nan."

"Mazari. Da girmanka."

Ya fito yana ɗiga ya hau bayani. Cikin masu naɗe fukafukai in sun sauka, wannan dangin babu shi ko'ina a duniya sai Fiji. Aikinsa a jami'a a Suva, babban birninmu, shi ne ya gano wane ya fito daga wane, na tsibirin Viti Levu ne kakanni ko na nan. Ita malamar firamare ce, ta ƙoshi da surutu, amma ta tsaya har ganyen ya yi yaushi.

Bayan ya koma sai waya. Mu kuwa sabis sai an hau tudun mangwaro, don haka kullum aka tashi daga makaranta Vasiti na can tana haki.

*"Hasken idona, yau na duba wutsiya arba'in a madubin bincike, duk fuskarki nake gani."*

*"Sarkin raga, fuskata ce ta yi kama da wutsiyar ƙwaro? Allah ya shirye ka. Na yi kewarka."*

Sai Inoke ya tafka wautar da ɗan birni kaɗai zai tafka. Ya zo neman aure shi kaɗai, ba kawu, ba mai magana da yawunsa, ba tabua, haƙorin kifin nan da ko yaro ya san ba a neman mace sai da shi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Waisake, mahaifin Vasiti, ya bar shi ya gama tsaf.

"Ɗan wane gida ne kai?"

"A Suva aka haife ni, Baba."

"Suva kasuwa ce. Ina ƙasarku? Wa ya haifi kakanka?"

Inoke ya hau lissafi da yatsu, ya tsaya a kan kakansa.

"An ce mini ka san kakan kakan ƙwaro. Naka fa? 'Yata ba za ta haifi 'ya'yan da ba su san inda za a binne su ba. Tashi."

Kamar hakan bai isa ba, ga Sakiusa, soja, wanda ya daɗe yana kai wa Waisake kifi da manufar samun Vasiti. Shi ya baza a wurin shan yaqona, jiƙon saiwar da maza ke sha a taro, cewa ya ji kakan Inoke jinin gidan su Vasiti ne ta wajen maza. In haka ne wa da ƙanwa suke, magana ta mutu. Vasiti ta ji, ta daina hawa tudu.

*"Masoyiya, kwana tara. Ko zagi ne ki turo."*

Da ƙyar ta amsa: *"In kai yayana ne, me zan ce maka? Je ka nemo ko kai wane ne. Na gaji da kuka, na gaji da kai, kuma ban daina sonka ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan."*

Wata huɗu ya yi yana yawo. Jirgin ruwa, motar kasuwa, ƙafa. Kowane tsoho sai an dama masa yaqona kafin ya buɗe baki, ya faɗi suna ɗaya, ya ce sauran sai wane, wane kuma ya rasu bara. Malaminsa na ta aiko da faɗa, lokacin mazari na wucewa. Sau biyu ya zauna a bakin hanya ya ce ya haƙura, sau biyu ya tashi. A ƙarshe, can ƙasar Ra a Viti Levu, ya sami Bubu Torika, tsohuwar da ba ta gani amma ba ta mantuwa. Ta jero masa sunayen kakanninsa bakwai kamar tana ƙirga jikokinta.

Wannan karon da kawunansa ya zo, da tabua a hannun babbansu. Aka cika gidan taro. Kawun ya durƙusa ya fara jero zuriya, suna bayan suna, har ya kai ga Losalini, mahaifiyar kakan Inoke, wadda aka kai aure Ra a kwalekwale.

Waisake ya ɗago. Losalini ƙanwar nasa kakan ce, daga ƙauyen nan aka kai ta.

Ashe Sakiusa ya taɓo gaskiya, amma ta baya ya riƙo ta. Jini ɗaya ne, sai dai ta mace ya bi. Vasiti taubashiyar Inoke ce, irin auren da tsofaffinmu suka fi so. Ƙari a kan haka Inoke vasu ne, jinin 'yar gari, wanda in ya miƙa hannu kan abu a ƙauyen da ta fito ba a hana shi. Sakiusa ya tuna yana da uzuri a gona.

Waisake ya daɗe yana kallon haƙorin, mu duk mun ƙagu. Sannan ya karɓa, aka tafa.

An ɗaura auren a cocin ƙauye, aka tone ramin gashi, gwaza da naman alade har maƙwabta. Vasiti na murmushi tana mintsinin angonta don wata huɗun da ya ci mata.

Da za su tafi, Waisake ya riƙo hannun Inoke.

"Ranar nan, da a ce hannu kawai ka miƙa, da ba ni da ikon hana ka, ka sani. Amma ka durƙusa ka roƙa. To ba ɗauka ka yi ba, ɗana, ni na ba ka. Allah ya ba ku 'ya'ya, ku kawo mini su in faɗa musu sunayen da kaina."