Madafar Baiwa

"Ka mayar da ita gidansu Yauri, Illa! Mu da muke neman abin da za mu ci, ina mu ina riƙon makauniya?"

Illa magini ya sunkuyar da kai gaban mahaifiyarsa, Inna Shekara. Shekara biyu ke nan sama ta hana ruwa a Matameye, sai jar dawar da kamyon, babbar motar soja, ke kawowa. A ciki kuma ciwo ya cinye idon matarsa Baiwa. Jiya ta yi tuntuɓe da murhu, tafasasshen ruwa ya saɓule mata ƙafa.

"Inna, ki ba ni kwana bakwai..."

Baiwa na ɗaki, ta ji komai. Da Illa ya shigo ta ce:

"Malam, ka bi maganar Inna. Na zame maka kaya."

"Kul, Baiwata! Kar in ƙara ji."

Ya rushe tsohuwar madafar, ya kwaɓa ƙasa da ruwan wankansa. Jikin bango guda ya jera komai: randa daga farko, sai dakalin kwanuka, sai gurbin gishiri da daddawa, murhu can ƙarshe da 'yar katanga ta kare ƙafa. Tsakiya fili, babu abin tuntuɓe.

Ya ɗora tafinta a bangon.

"Kada ki sake shi. Taku uku, randa. Taku biyu..."

"Kwanuka!" Ta yi dariyar da ya manta kalarta.

Ran nan ita ta tuƙa tuwo. Inna ta cinye nata tas.

Amma babu mai gini cikin yunwa. Dole Illa ya bi 'yan cirani ta hanyar daji, don an rufe iyaka.

"Kafin damina ina nan, masoyiyata."

Ta shafa fuskarsa a hankali, daga goshi har gemu.

Wata huɗu bayan nan abokin tafiyarsa Cha'ibu ya yi sallama. Ya tsuguna ya ajiye cokalin ginin Illa gaban Inna.

"Amai da gudawa ne... kwana biyu kacal. Mun rufe shi kusa da Kazaure."

Ludayi ya suɓuce daga hannun Baiwa. Ta zame jikin bangon ta zauna, ko kuka ya ƙi fitowa. Inna kuwa daga ranar ɓarin jikinta ya shanye.

Da takaba ta ƙare, mahaifin Baiwa ya zo da amalanke.

"Tashi mu tafi gida, 'yata."

Daga kan tabarma Inna ta ce da ƙyar, "Tafi, Baiwa... ban cancanci ki zauna ba. Ki yafe mini."

Baiwa ta juya wajen mahaifinta, hawaye na bin kumatunta.

"Baba, in na tafi wa zai ba ta ruwa? Ka gaida mutan gida."

Tsohon ya goge ido da bakin rawani, ya sauke kwanon geron da ya zo da shi, ya juya akalar jakinsa.