Agogon da Ya Koma Baya

Karo na huɗu ke nan wasan ya kori Hamsatu ana tsakar gasa. Jan rubutu ya cika allon kwamfutarta, wai manhajar kama masu maguɗi ta ƙi amincewa da ita.

Saƙon Nassirou ya biyo baya. Shi ne shugaban ekip ɗinsu, wato ƙungiyarsu ta wasan, shi ne kuma wanda ya ce iyayensa za su zo gidan su Hamsatu neman aurenta bayan Sallah.

"Sheri, ki ɗan huta tukuna. Balkisa za ta riƙe wurinki..."

Balkisa kuwa, mai bakin zuma, ta daɗe tana raɗa masa cewa ba yadda za a yi mace ta iya harbi haka sai da sata. Ko tambayar Hamsatu bai yi ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Innarta ta ƙara gishiri, ta ce dama wace 'yar mutunci ce za ta samo miji a wasan bindiga.

Ta yi kukanta ta ƙoshi, sannan ta share fuska ta ɗauko sukurdireba. Kwana biyu tana bincike kafin ta lura: duk sanda aka ɗauke wuta, agogon kwamfutar sai ya koma shekarun baya, manhajar kuma ta ɗauka da gangan aka taɓa shi. Ɗan ƙaramin batir ne ya mutu a ciki, bai fi maɓallin riga ba. Ta sayo sabo a Babbar Kasuwa, ta saka da hannunta.

Ranar Asabar da hantsi ta dire kwamfutar a ɗakin wasan unguwar Yantala, ta ce kowa ya zo ya tsaya a bayanta ya ga yatsunta. Ta ƙalubalanci Nassirou. Sau biyar ta kayar da shi, wasan bai ko yi tari ba. Balkisa ta sulale waje, wai ana kiranta.

"Hamsatuna, na yi kuskure. Ki dawo ekip, ki dawo mini."

Har yanzu tana sonsa, kuma ta san zai daɗe yana mata ciwo. Ta ciro mataccen batirin ta sa masa a tafin hannu.

"Kwamfutar da ta zarge ni, wannan pil ɗin nata ne ya mutu, na canza. Kai fa, Nassirou, me zan canza maka?"

Ta rungumi kwamfutarta ta fita, ba ta waiwayo ba.