Yayar Ɗan Majalisa

"Baba, me ya sa ka ce ba ka da kowa a duniya, bayan ga Gwaggo can?"

Auta ce, 'yarsa mai shekara shida, ta jefo tambayar a tsakiyar falo, a gaban 'yar jaridar da ta zo da kyamara ɗaukar tarihin ɗan majalisar jiha. Lokacin ya gama ba da labarin da ya saba bayarwa a kowane taron siyasa: maraya ne, shi ya reni kansa da guminsa har ya zama malamin makaranta, ya yi kansila, ya hau kujerar majalisa. Sakatarensa ne ya tsara masa labarin tun zaɓen farko, wai maraici ya fi jawo ƙuri'a in babu kowa a bayanka.

Allah sarki Gwaggo! Yayar ɗan majalisar ce ciki ɗaya. Ita ta goya shi ranar da aka binne mahaifiyarsu, ta bar makaranta ta kama wankin zannuwan gadon asibiti, sabulu ya cinye mata hannuwa don shi ya sa takalmi ya shiga aji. Manema suka zo, suka gaji, suka tafi... Da ɗaukaka ta zo kuwa, sai sakatare ya mayar da ita ɗakin baya kusa da janareta, hayaƙi na turnuƙe ta, in an yi baƙi a ce kada ta leƙo. Ba ta taɓa kai ƙara ba, kullum sai dai "Allah ya tsare min shi."

Kafin a ankara Auta ta ruga ta janyo Gwaggo falo.

Sakatare ya yi dariyar yaƙe. "Yara ke nan! Mai wankin gidan ce."

"Inna, haka ne?" in ji 'yar jarida.

Gwaggo ta dubi ƙaninta, ta ga gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi. "Haka ne, 'yata, mai wanki ce ni. Ranka ya daɗe mutumin kirki ne, ba ya bari na da yunwa."

Innalillahi! Sai ga ɗan majalisa durƙushe a ƙasa, kuka wiwi. "Yaya... ni kike ce wa ranka ya daɗe? Ni da kika tauna wa abinci?" Ya juya ga 'yar jarida. "Kada ki kashe kyamarar. Wannan matar ita ce uwata da ubana."

"Tashi kar ka ɓata rigar," in ji Gwaggo, tana hawaye. "Wa zai wanke?"

A ranar sakatare ya kwashe nasa ya nasa, kuma da hoton ya zaga gari babu ɗan siyasar da ya sake kallon sakataren. Gwaggo ta koma babban ɗaki, jama'a na layin gaishe ta. Sai dai likita ya ce hayaƙin janareta ya riga ya taɓa mata huhu. Duk lokacin da ta yi tari, sai ƙaninta ya ajiye cokali, abinci ya fita ransa.

Kai mai karatu, in akwai wadda ta goya ka kuma kana jin kunyar nuna ta, tashi ka je wurinta yau. Neman gafara yana da lokacinsa, kuma ba ya jiran ka gama taro.