Gangaren Kawu Chimbalanga

A gangaren da ke saukowa daga gonakin dankali zuwa titin Dedza suka fara haɗuwa. Tadala na gaban shanun kawunta tana tafiya da baya, amalanke cike da buhuna yana tunkuɗo su, sai ga yara kusan arba'in sun tare hanya da baro da igiya.

"Ku matsa! Wa ya sako awakin nan?" in ji Tadala.

"Ɗalibaina ne," in ji wani siririn saurayi. "Sunana Limbani. 'Yar'uwa, me ya sa kike dukan hancin shanu?"

"Don kar amalanke ya bi ta kansu."

"To me ke turo shi?"

"Kakarka!"

Yara suka fashe da dariya. Shi kuwa kallonta yake har allin hannunsa ya faɗi.

Limbani darasin ƙarfi da motsi yake koyarwa a sakandare, wato abin da ke tura kaya da abin da ke tsayar da shi. Mu da muka ga yunwa biyu muka tsallake, ba mu taɓa ganin malami irinsa ba. Ba ya rubuta amsa a allo. Matsalar gari yake ɗaukowa ya dire wa yara, ya koma gefe yana tambaya. Aikinsu na zangon nan shi ne gangaren, wanda ya riga ya karya shanu huɗu.

Kafin wata biyu saƙon waya ya fara yawo tsakanin Limbani da Tadala.

"Tauraruwata, yau na tambayi aji me ke jawo abu ƙasa, sai na tsinci kaina ina kallon gonarku."

"Malam Tambaya, ka ci tuwon nsima kuwa? Ko ita ma sai ka tambaye ta?"

Amma a al'adarmu aure a hannun kawu yake, kuma miji ne ke tarewa garin matarsa. Kawu Chimbalanga kuwa ya ce sam.

"Wanda zai tare a garinmu, ya zauna cikinmu, shi ne mai amsa tambaya da tambaya? Ga Maliko mai babbar mota yana ta aike. In malamin naki ya isa, ya sauko mini da amalanke ba tare da an daki hancin shanu ba."

Tadala ta sami Limbani bakin makaranta idonta ja.

"Don Allah masoyi, ka bar jiran yaran nan. Ka ba shi amsar."

Limbani ya karya dokarsa. Ya cika takarda da lissafi, ya sa kafinta ya yi birki na katako mai matse taya. Ranar gwaji an yi ruwa da safe. Ya ja birki, tayoyi suka ƙame, amalanke ya zame kamar an zuba masa kuɓewa. Sa ɗaya ya durƙushe, dankali ya gangara har titi. Ni da ban taɓa shiga aji ba na san taɓo ba ya jin lissafi.

"Kar in ƙara ganin ƙafarka a nan," in ji kawu.

Kunya ta hana Limbani ɗaga waya. Ranar kasuwa ya hangi Tadala a gaban motar Maliko, bai san maganin san da ya durƙushe ta je saye ba. Ya koma gida, da dare sai ga saƙonta.

"Ka yi shiru ka bar ni da su. Ranar Lahadi dangin Maliko za su zo. Ni ban da bakin cewa a'a."

Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. "Ba ni da abin da zan kawo, Tadala. Ba ni da komai sai ke."

A aji ya tsaya hannu sake. "Na gwada, na faɗi. Ban san amsa ba."

Wata ɗaliba, Mphatso, ta ɗaga hannu. "Malam, mun san tayar ce ta zame. In aka bar ta tana juyawa, wani abu dabam ya riƙa ja ta baya fa? Icen da muke ja daga dutse ba ya taɓa gudu ya bar mu."

Kwana huɗu suna gwadawa da baro, suna canza nauyi, suna gardama. Shi dai kallo ne nasa.

Ranar Asabar Tadala ta ɗaura shanu ba ta tambayi kowa ba. Yara suka ɗaure gungume da sarƙa a bayan amalanke. Limbani na nesa bayan wata bishiya, don an hana shi matsowa. Gungume ya riƙa noman taɓo, amalanke ya sauko a hankali kamar tsohuwa za ta coci. Sandar Tadala ba ta taɓa hancin shanu ba.

Kawu ya daɗe yana kallon sawun gungumen.

"Kai na bayan bishiya, fito! Wa ya gano wannan?"

"Su ne, Baba. Ba ni ba ne."

"Da ka ce kai ne, da na sake korarka. Suruki mai tambayar mutanen gari kafin ya buɗe baki, za mu iya zama da shi. Turo kawunnanka gobe, su riga na Maliko sammako."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Tadala ta raɗa masa, "Yau ma akwai tambaya?"

"Babu, tauraruwata. Sai godiya."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.