Ƙumbar Gidan Nasara

Ku matso, ku rage murya. Kowa ya yi bisimilla tukuna.

A bakin Kwara, gaba da garinmu kaɗan, akwai kangon gidan Nasara. Da Turawa za su gina shi, ba siminti suka kawo ba. Ƙumbar ruwa suka sa aka kwaso daga gindin kogi, aka ƙona wata, aka daka wata, aka kwaɓa da yashi. Ba su yi wa kowa sallama ba.

Tasalla baƙuwa ce, aure ya kawo ta daga tudu. Kajinta suka fara ƙwai mai taushin ɓawo, aka ce ta ba su dakakkiyar ƙumba. Mutanen bakin ruwa sun san ƙa'ida: mai son ƙumba kogi yake zuwa, ya yi sallama, ya mayar da ta farko. Ita ba wanda ya gaya mata. Ta ga kangon ya fi kusa.

Rana tsaka ta tafi, goye da 'yarta Jummala. Ta yi ta ɓamɓarar bango da lauje har ƙwarya ta cika.

Sai ta ga ƙasa a jiƙe. Rabonsu da ruwan sama wata biyar.

Wata tsohuwa ce tsugune a lungu, tana ciro ƙumba da farce, ɗaya bayan ɗaya. Ruwa na ɗiga daga zaninta. Ƙafafunta ba yatsu.

"Sannu, Iya."

"Yauwa, 'yar tudu." Muryar kamar daga cikin tulu. "Mene ne a ƙwaryar?"

"Abincin kaji ne, Iya."

"Kaji." Tsohuwar ta daina tono. "Shimfiɗar jikokina ce. Tun da Nasara ya kwashe, a kan dutse suke kwana. Kullum ina mayar da abin da farcena ya iya. Ke kuma kin zo da lauje."

Bayan Tasalla ya yi sanyi. Ta kai hannu. Zanin goyo ya jiƙe sharkaf, Jummala ko motsi.

"Kin ɗauki nawa, na riƙe naki."

"Iya, don girman Allah, ban sani ba!"

"Ga kogi can, ki mayar. Kada ki kwance goyon. Kada ko ɗaya ta ɓata."

Tasalla ta rungume ƙwarya ta kama hanya. Ta fara Ayatul Kursiyyu, harshe na sarƙewa, tana komawa farko. A bayanta tana jin taku, caɓ, caɓ, caɓ. Goyon na ƙara nauyi kamar tulu cike.

Ta yi tuntuɓe da saiwa. Ƙumba ɗaya ta faɗi.

Takun ya tsaya.

Ta durƙusa cikin yashi mai ƙuna tana lalube, hawaye ya hana ta gani, har abu ya yanke mata yatsa. Ita ce. Ta mayar cikin ƙwarya. Takun ya ci gaba.

A bakin ruwa ta yi sallama, ta juye. Kogin ya karɓa ba ƙara.



Can sai Jummala ta yi tari, ruwan kogi ya zubo wa uwar a wuya, ta tsala kuka. Tasalla ta ce alhamdu lillahi har muryarta ta dushe. Ba ta waiwaya ba sai a zauren gida.

Jummala ta rayu, ta ga jikoki. Amma har ta koma ga Allah tafin ƙafarta bai taɓa bushewa ba.

Don haka kada wanda ya bi hanyar kangon nan shi kaɗai. In kun ga ƙumba a ƙasa, ku bar wa mai ita. Ku yi addu'a ku kwanta, Allah Ya tsare mu.