Ta Rubuta Wa Masoyinta Sammaci

Wayarta na ta ɓari a aljihun kakinta na 'yan sanda lokacin da ta busa usur, ta ɗaga wa bas ɗin makarantar hannu.

Ba sai ta duba mai kiran ba. Ga shi nan riƙe da sitiyari, waya manne a kunne, yana murmushi shi kaɗai, danja ta nuna ja ko kallonta bai yi ba. Masoyinta ne, wanda maganar aurensu ta yi nisa!

Ya taka birki da ƙarfi. Yaran da ke baya suka yi gaba suka dawo, wata ƙarama ta fashe da kuka.

"Lah! Hasken idona, ashe yau nan aka kawo ki? Ke fa nake kira!"

"Malam direba, gangara gefe. Lasisinka."

"Malam direba? Ni?"

Saja, ogan da suke aiki tare, ya matso yana raɗa mata, "Ke, ai naki ne. Ja masa kunne ya wuce, ni ban ga komai ba."

Wallahi ta so ta bi shawarar nan! Amma idonta ya faɗa kan yarinyar, goshinta har ya tashi. Ta zaro littafin sammaci, ta rubuta lambar mota, laifin da ya yi, da ranar zuwa kotu.

"Sa hannu nan. Ba amsa laifi ba ne, alkawari ne za ka je gaban alƙali."

"In na ƙi fa?"

"Sai in tafi da kai ofis, a nemo wa yaran nan wani direba."

Ya sa hannu. Ta yago masa takardar sama, kwafin ya zauna a littafi, ya ja mota ko waiwaye babu.

Kafin yamma magana ta isa kunnen Mama, mahaifiyarsa. Wa ya kai? 'Yar Kwalisa mana, 'yar ƙanwar Maman, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kansa. Ta ƙara gishiri son ranta: wai motar a tsaye take, babu kowa ciki, 'yar sandar ce kawai ke son nuna iko.

Mama ta kira 'yar sandar a waya, ko gaisuwa ba ta amsa ba.

"Tun ba ki shigo ba kin kai min ɗa kotu, in kin shigo sai gidan yari kenan? To ki riƙe kakinki, in riƙe ɗana!"

Ranar ta yi kuka har idonta ya kumbura. Tana sonsa kamar ranta, amma ko da za a maimaita, abin da za ta rubuta kenan. Shi kuwa gogan shiru, ba kira ba saƙo.

Ranar shari'a ta zauna a bencin shaidu. Ga Mama ta haɗe rai, ga 'Yar Kwalisa an sha ado kamar mai zuwa biki, tana zuga shi a fili: "Yaya, ka musa kawai! Bakinta da naka ne."

In ya musa, dole ta tashi ta ƙaryata shi a gaban uwarsa. Daga nan kuwa zance ya ƙare.

Magatakarda ya karanta: waya a kunne, ƙetare danja, mota cike da yara.

"Ka amsa ko ka musa?" in ji alƙali.

Direban ya juyo ya dubi 'yar sandar, karo na farko tun ranar.

"Na amsa, ranka ya daɗe. Duk abin da ta rubuta gaskiya ne."

"Wa kake kira da ya fi rayukan yara?"

Ya sosa ƙeya. "Wadda ta kama ni, ranka ya daɗe..."

Kotu ta kwashe da dariya, har alƙalin sai da ya ɓoye baki da hannu. Aka ci shi tara, aka gargaɗe shi: ya sake, lasisi ya tafi.

A baranda ya tare ta. "Masoyiyata, kunya ce ta hana ni kiranki, ba fushi ba. Kullum na ga goshin yarinyar nan sai..."

Bai ƙarasa ba Mama ta damƙo kunnensa ta murɗe.

"Yaran mutane, ɗan nema? Cike da mota?" Ta waiga neman 'Yar Kwalisa, ashe tuni ta sulale.

Sai ta juyo kan 'yar sandar, wadda ta durƙusa da kakinta, hula a hannu.

"Mama, ki yafe min..."

"Tashi, 'yata. Da ni ce, da mari zan fara kafin takarda." Ta kamo hannunta, ta ɗora a kan na ɗanta. "Ni na haife shi, amma na tsufa da tsare hanya. Ga shi nan, ki karɓi aikin."