Inda Ake Ajiye Shinkafa

"Ok-hui! Sun shigo layinmu!"

Muryar Umma ce daga tsakar gida. Ni kuwa ina tsaye rungume da faifan garmahon saurayina Tae-gyu.

Faifai ɗaya tak ƙungiyarsu ta makaɗa ta taɓa fitarwa, a garejin wani bakanike a nan Seoul suka naɗe shi. Jita tana kururuwa, ganga kamar ana dukan garwa. Hukuma ta ce kiɗan 'yan maye ne, aka bi shaguna aka ƙone duk kwafin da aka samu. Wannan kaɗai ya tsira, kuma ana gobe za a kama shi ya danƙa mini.

"Riƙe mini, hasken idona. In wannan ya salwanta, kamar ban taɓa zuwa duniya ba."

Na san Hye-ran ce ta turo 'yan sandan su yi mana bincike. Tun da Tae-gyu ya ce ni yake so ba ita ba, ta ɗaure mini gaba.

"Miƙa musu tsiyar nan!" Baba ya daka mini tsawa. "A kan ɗan iska mai gashin mata za ki ja mana masifa?"

Ga ƙarar takalma a ƙofa...

Na cusa faifan ƙarƙashin bargo, a kusurwar da wutar gawayin da ake hurawa ƙarƙashin ɗaki ta fi gasa daɓe, inda Umma ke rufe kwanon shinkafar duk wanda bai dawo gida ba.

Suka birkita akwatuna, suka farke matasai. Ɗaya ya nuna bargon.

"Shinkafa ce," in ji Baba, bai ko dube ni ba.

Sai da rana ta yi sanyi suka tafi. Na ɗaga bargon, na fasa ihu. Zafi ya lanƙwasa faifan kamar ganyen kabeji!

Hunturu ya ƙare ina cikin fargaba. Ranar da aka sako shi ya zo gidanmu, kai a aske ƙwal, yatsu biyu na hannunsa sun sandare.

"Ni da jita har abada, Ok-hui," ya ce. "Sa mini faifan in ji yatsuna."

Na ɗauko lanƙwasasshen faifan.

"Masoyina... na kashe shi."

Na miƙa masa. Ya karɓa, ya ɗora a garmaho, ya sauke allura. Jitar ta fito tana layi, tana hawa tana gangarowa. Na rufe fuska, ina jira ya tashi ya bar ni.

"A ina kika ajiye shi?"

"Ƙarƙashin bargo... wurin shinkafa."

"Wurin wanda ake jira?"

Na gyaɗa kai, ina kuka.

Sai na ji sandararrun yatsun nan a kumatuna.

"Tun rasuwar mahaifiyata babu wanda ya ajiye mini komai a wurin nan, masoyiyata."

Baba ya turo ƙofa, fuska a murtuke.

"Kai! Kashe mana kukan akuyar nan." Ya tsuguna ya ɗaga bargon, ya jawo kwano mai murfi. "Kullum sai Ok-hui ta ajiye maka, kullum ni ake bari da cinyewa. Zauna ka ci abinka, surukin banza."